Kwaɗon Magariba: Daga Kabo Zuwa Gwarzo

Motocin Gwarzo a Kabuga suke lodi, kuma da safe ba sa jimawa ba su cika ba. Titin ya miƙe yamma sak, ya ratsa Rijiyar Zaki, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da barikin soja na Janguza, sannan birni ya saki mutum. Tsakanin Kano da Gwarzo kimanin kilomita 70 ne. Wanda ya zarce zai faɗa Jihar Katsina, ya bi ta Dayi ya kama hanyar Malumfashi da Funtuwa. Ni Kabo na fara nufa, wurin ƙanwar mahaifina da ta daɗe tana aiko min da saƙon cewa na yar da zumunci, daga can kuma in ƙarasa Gwarzo wurin wata ƙawata malamar makaranta. Tsakiyar hunturu ne, an gama kaka, hazo ya sauko har ƙasa. Gonaki sun zama fili fetal, sai tarin karan dawa nan da can, da harawa da aka ɗaɗɗora a kan rassan bishiyoyi don kada bakin dabba ya kai gare ta.

A cikin mota hirar tsada ake yi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da wuya ka shiga motar haya ka sauka ba a taɓo ta ba. Wani dattijo a gaba yana lissafin kuɗin taki, direba yana mayar masa da na mai. Wata mai goyo da ke gefena ta ce ita yanzu sau ɗaya take hura wuta a yini, don icce da gawayi sun fi ƙarfinta. Na ce to da dare fa? Ta dube ni da mamakin tambayar.

"Da dare ai sai kwaɗo, Hajiya. In dai akwai ƙuli a gida, ba a kwana da yunwa."

Ba da sigar kuka ta faɗa ba. Bayani kawai ta yi min, ta gyara goyonta, ta ci gaba da kallon hanya.

Bayan Rimin Gado muka rabu da babban titi muka yi kudu. Mutane da yawa a ƙasar nan a jikin jirgin sama suka fara karanta sunan Kabo, ba a taswira ba. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, shi ya kafa kamfanin Kabo Air a 1980, ya sa masa sunan garinsu, jiragensa suka yi shekaru suna jigilar alhazai zuwa ƙasa mai tsarki. Garin kansa kuwa na manoma ne, ba shi da hayaniya. Abin da ya fara tarar hancina da na sauka ba ƙura ba ce, ƙamshin gyaɗa ne da ake soyawa a wani gida.

Ashe gidan Goggo ne. Na same ta a tsakar gida da kishiyarta da 'yan mata biyu, aiki ya kacame.

"Lale, lale da 'yar birni! Yau wace rana? Zauna daga can, kada mai ya ɓata miki zane."

Ban zauna daga can ba. Na ja kujera 'yar tsugunno na matso kusa da turmi, don rabona da ganin ana matsar mai tun ina yarinya.

Aikin tun jiya ya faro. An ɓare gyaɗa, an baza ta a tabarma, Goggo da kanta ta zauna ta tsince ta, tana fitar da ruɓaɓɓiya da motsattsiya da wadda ta yi baƙi. Da asuba aka soya ta a babban kasko, ana juyawa ba tsayawa, don in gefe guda ya ƙone, ɗacin zai bi ƙulin duka. Aka murje ta, aka sheƙe ɓawon a faifai, yara suka kai inji suka dawo da ita a markaɗe, ta yi kauri tana sheƙi. Daga nan ne aikin ƙarfi yake. An zuba ta a turmi, yarinya ɗaya ta riƙe turmin, ɗaya tana tuƙawa da taɓarya, Goggo na yayyafa ruwan zafi da ludayi kaɗan-kaɗan. Da farko ba ka ganin komai sai ƙullun yana ƙara tauri, taɓarya tana neman gagarar mai tuƙi. Can sai ka ga ya fara haɗe jikinsa, launinsa ya juya, mai ya fara tsattsafowa ta gefe, ya taru, ya kwanta a sama. Goggo ta ce a nan gwani yake bambanta da ɗan koyo: ruwa ya yi yawa, tunkuza ta caɓe ta riƙe man, ya yi kaɗan, man ya ƙi fitowa. Ba ta da ma'auni sai idonta da nauyin taɓarya a hannun yarinyar.

Aka kwashe mai a kwano, aka ɗora tunkuzar a kan allo ana dannawa da tafin hannu har ta daina zubarwa. Sannan aka zauna mulmula. Kowace da irin hannunta: Goggo dunƙule take yi, kishiyarta zobe, 'yan matan kuma sirara masu tsayi, waɗanda suka fi saurin soyuwa, suka fi ƙarmas-ƙarmas. A cikin man da ya fito daga jikinsa ake soya ƙuli, shi ya sa man ƙuli yake da wannan ƙamshi da man kanti ba zai taɓa yi ba. Lokacin da aka tsame kaskon ƙarshe, la'asar ta yi sakaliya.

Na tambaye ta ko sana'ar tana biya. Ta yi dariya ta ce, "Mai uwar kuɗi yake mayarwa, 'yar nan. Ƙulin shi ne ribata. Ran da gyaɗa ta yi tsada kuwa, wahalar ce ribar."

Gyaɗar nan ta taɓa riƙe ƙasa guda. Layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawan mulki suna sa ran auduga za su kwasa, sai manoma suka juya ga gyaɗa don ita ta fi kawo kuɗi. Daga 1912 cinikinta ya buɗe, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta, har aka kai ga dalar gyaɗa da ake nuna wa yara a hoto. Buhunan da aka jera a waɗancan daloli daga irin waɗannan gonaki na yammacin Kano da kudancin Katsina da sauran ƙasar Hausa suka fito. Farin farkon shekarun 1970 ya raunana nomanta, sannan a 1975 cutar da darɓa ke yaɗawa, mai nannaɗe ganye ta tsugunar da shuka, ta yi mata mummunar ɓarna, ga kuma kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma. Dala ta rushe ba ta dawo ba. Amma turmin Goggo bai tsaya ba ko shekara guda, haka turamen dubban mata irinta da ba sa fita ko ƙofar gida. Ana yawan yi wa dalar gyaɗa kuka a jawabai. Ban taɓa jin wanda ya tsaya ya yi lissafin man da ƙulin da ake fitarwa daga tsakar gidaje a kowane mako ba.

Da aka kira magariba sai Goggo ta fara kame-kame. Wai aiki ya cinye yinin, ba a ɗora tuwo ba, bari a kama kaza. Na rantse mata cewa in aka yanka kazar nan ba zan ci ba, ni kwaɗo nake so. Ta riƙe baki.

"Ki zo tun daga Kano in ba ki kwaɗo? Me za ki je ki gaya wa babanki?"

Da ƙyar ta yarda. Akwai zogale da aka dafa tun hantsi a kan wutar da aka soya gyaɗa, an tsane shi a kwando. Ta matse shi da hannu ta watsa a akushi. Ta jefa ƙuli cikin ƙaramin turmi da barkono da gishiri da ɗan dunƙule, ta daka. Yarinya ta yanka albasa da tumatir. Aka zuba garin ƙulin, aka yayyafa ruwa kaɗan, aka kawo man ƙuli na ɗazu da ko hucewa bai gama yi ba, ta cuɗa da hannu. Kafin maza su dawo daga masallaci an gama, har an raba: na maigida da samari a kwano guda, namu a akushi. Kishiyarta kuma ta kwaɗa rama da garin kwaki don yara, ta ce rama sai an zubar da ruwan dahuwarta na fari, kuma ta fi zogale cin ƙuli saboda tsaminta.

Na ci har na ji kunya. Ina ci ina tunanin cewa abincin da aka haɗa tsakanin kiran salla da sallamewa, aikin yini biyu ne a cikinsa. Saurin da muke yabo a kwaɗo ba daga sama ya faɗo ba; an riga an biya shi a gindin turmi. Mu da muke sayen ƙuli a leda a birni, mun ci zomo ne wani ya ci mana gudun.

Kashegari da hantsi na kama hanyar Gwarzo. Mai babur ya fitar da ni babban titi, na samu mota ta bi da mu ta Garo. A wannan yanki, duk inda ƙasa ta yi kwari sai ka hango kore shar a tsakiyar fari: lambunan rani ne, tumatir da albasa da attaruhu da kabeji da latas, injin ban ruwa yana ta ƙara. Wannan albarkar madatsun ruwa ce. Tun zamanin Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki aikin tare koguna da muhimmanci, aka yi Tiga, daga baya aka samu irin su Watari a Bagwai da Guzuguzu a nan ƙasar Kabo, sannan babbar madatsar Challawa a Ƙaraye da aka gama a 1992. Kakanninmu da rani busasshen ganye suka sani: kuka, kuɓewa busasshiya, zogale da rama da aka shanya tun damina. Ɗanyen latas a watan Janairu a ƙauye sabon abu ne, shekarunsa ba su kai na Goggo ba.

A bakin hanya wani yaro ya miƙo latas ta taga, manyan kai guda uku a ɗaure da igiyar kaba, saiwarsu da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na saya don kada in shiga gidan mutane hannu rabbana.

Gwarzo ta fi Kabo girma da zirga-zirga nesa ba kusa ba. Gari ne na kan hanya, kuma na 'yan boko da 'yan siyasa. Mataimakan gwamnan Kano biyu ya fitar, Abdullahi Tijjani Gwarzo a 2007 da Aminu Abdussalam Gwarzo a 2023. Ƙawata ba ta cikin wannan layi. Tana koyarwa da safe, da yamma tana da aji a Islamiyya, mijinta ma'aikacin lafiya ne da ba shi da tsayayyen lokacin dawowa, ga yara huɗu. Ba ta shigo gida ba sai gab da magariba, da alli a gefen hijabinta. Muka rungume juna, ta hango latas ɗin a kan tabarma ta ce, "Kin hutar da ni. Yau kwaɗon salak za mu ci, in kin raina ki koma Kano."

A nan na ga yadda mace mai aikin albashi take yi da daren Talata. Ranar Asabar take shirinta. Ta sayi ƙuli mai yawa ta raba biyu: kashi ɗaya ta daka shi lukui da barkono da citta da gishiri, ta ɗura a kwalba, ɗayan ta ɓarza shi kawai, gutsi-gutsi, ta sa a wata kwalbar mai murfi gam. Ta soya man gyaɗa da albasa ta ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji ta. Wake kuwa da safe take dafa shi tare da abin karin kumallo, ta bar shi a rufe.

Latas ɗin ta ɓalle shi ganye-ganye, ta wanke a ruwan gishiri, ta sake ɗaurayewa har sau biyu, tana duba bayan kowane ganye. Ta ce abin da ba za a dafa ba, ba a yi masa wankin ganin ido, don ba ka san ruwan da aka ba shi a lambu ba. Ta zuba a kwando ta bar shi ya tsane sarai. Wannan ma da dalili: in da sauran ruwa a jikinsa, mai ba zai kama shi ba, ƙulin kuma zai jiƙe tun kafin a kai baki. Babbar 'yarta ta yanka tumatir da albasa da kokwamba da ɗan kabeji. Aka aiki yaro bakin titi ya sayo tsire na kuɗi kaɗan, ta zare shi daga tsinke ta yayyanka ƙanana don ya ratsa ko'ina, kowa ya samu. Ta haɗa ganye da wake da nama a babban faranti, ta barbaɗa lallausan ƙulin, ta zuba mai, ta matsa lemon tsami, ta juya sama-sama da yatsu, ba irin cuɗar da ake yi wa zogale ba.

Ɓarzajjen ƙulin kuwa ba ta taɓa shi ba sai da kowa ya wanke hannu ya zauna. Sannan ta buɗe kwalbar ta watsa a kai. Ta ce, "Wannan da an zuba shi sai ci. Minti goma ya yi yawa." Gaskiyarta. Loma ta farko ga sanyin ganye, ga taushin wake, ga yaji, sai kuma gurus-gurus a ƙarƙashin haƙori. Ragowar da aka ajiye wa maigidan ba ta haɗa ba sam, kowane abu ta rufe shi daban, don latas in ya sha mai da gishiri ya jira awa guda, sai ya kwanta laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Ƙanenta yana nan a daren, wanda ya yi shekaru yana karatu da aiki a birnin Hustan na Jihar Tekzas a Amurka. Ya ci ya ci, sai ya fashe da dariya ya ce, "Yaya, wallahi wannan shi ne abin da nake biyan dala goma in ci a can." Ya ce suna kiransa salak ɗin tako. Latas ne da tumatir da albasa da wake, da niƙaƙƙen naman sa da aka soya da yaji, da cuku da aka goge, da wani farin kirim mai tsami dangin kindirmo. A ƙarshe sai a farfasa soyayyen fallen masara mai ƙarmas-ƙarmas a watsa a kai. Iyaye masu dawowa daga aiki a gajiye su suka fi yinsa a daren ranakun aiki, don naman kaɗai ake ɗorawa a wuta, sauran duk yanka ne da buɗe leda. Kuma dokarsu ɗaya da ta yayarsa: ba a zuba mai ƙarmas ɗin sai za a ci.

Abincin ba na Meziko ba ne tsantsa, ko da yake daga can tushensa yake. Mutanen Meziko sun yi dubban shekaru suna dafa masara da ruwan toka ko na farar ƙasa, su niƙa, su yi fallen waina da ita, su naɗe nama ko wake a ciki, shi ne tako. Maƙwabtansu na Tekzas suka ɗauka suka juya shi yadda ya dace da su. A 1932 wani mai suna Charles Elmer Doolin ya fara sayar da soyayyen garin masara a birnin San Antoniyo da sunan Fritos, kamfani ya girma, kuma zuwa shekarun 1960 salak ɗin tako ya shiga gidajen Amurkawa. Wato su ma saurin nasu wani ne ya yi musu aikin tun da farko. Bambancin kawai, nasu inji ne a masana'anta, namu Goggo ce da taɓarya.

Wani abin da ya ba ni sha'awa shi ne, yawancin abin da muke haɗa kwaɗo da shi daga waccan nahiya ya taso. Gyaɗa, tumatir, barkono, masara da rogon da ake garin kwaki, duk 'yan asalin nahiyar Amurka ne, jiragen ruwan Turawan Fotugal da na Sifen suka bazu da su duniya tun daga ƙarni na 16. Zogale kuma daga ƙasar Indiya ya zo. Mu muka haɗa su a akushi guda.

In za a bi ta gaskiya, namu ya fi nasu amfani a jiki. Soyayyen fallen masara gari ne da mai da gishiri, daɗin baki kawai yake ƙarawa, shi ya sa sai sun nemi nama da cuku kafin abin ya zama abinci. Ƙuli kuwa shi kansa abinci ne. Kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kuma sinadarin gina jiki. In aka matse man, abin da ya rage ya ƙara ƙarfi ke nan. Shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli, ko babu ƙwayar nama a ciki, yake riƙe cikin manomi har safe. Da na faɗi haka sai ƙanen nata ya ce ai ba a nan kaɗai ba, ko gurasa bandashe da ake yi a Kano, wadda ake jiƙawa a barbaɗa mata ƙuli da mai da albasa da tumatir, in aka naɗe ta a hannu ba ta da maraba da takon da yake saya a bakin titi a can. Ƙawata ta ce to ya buɗe shago mana, ya daina cika mu da labari.

Duk da haka kwaɗo bai samu darajar da ta kamace shi ba a wurinmu, kuma na san dalili. Abincin bazara ne da tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Tsofaffi suna tuna shekarun da tafasa da yaɗiya da rama suka tsayar da rai, don haka a idonsu kwaɗo da rashi tare suke tafiya. Abin da ya sa Goggo ta ji nauyin ba ni shi ke nan. A birni kuwa an juya: likita ya ce wa Alhaji ya rage tuwo da shinkafa saboda sukari ko hawan jini, sai ga kwaɗon zogale a faranti mai tsada, ana ci da cokali mai yatsu. A Maraɗi da Yamai ma zogale ya daɗe da zama sana'a babba, ana nomansa a lambu, ana cinsa da dambu ba tare da wani ya ji kunya ba. Ni dai ban ga abin ɓoyo ba a abincin da ba ya cin icce, ba ya cin lokaci, yara kuma suna wawarsa.

Ba zan ce ya maye gurbin tuwo ba. Mijin ƙawata da ya dawo wajen ƙarfe goma ya ci nasa ya yi santi, amma ya ce gobe dai a taimaka a tuƙa masa na dawa da miyar kuka. Wannan ma gaskiya ce. Kwaɗo na daren da aka gaji ne, ba na kowane dare ba.

Na yi sa'a kwanana ya faɗa a kan ranar kasuwar Getso, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Gwarzo, kuma tana cikin manyan kasuwannin hatsi da dabbobi na wannan yanki. Ƙawata ta haɗa ni da wata maƙwabciyarta muka tafi da wuri, don mutane sun rage son tafiyar dare a garuruwan da ke kusa da iyakar Katsina. Ban tsaya layin masara da dawa ba, inda manyan motoci ke lodi. Layin 'yan mai da ƙuli na nufa. Tsofaffi mata da 'yan mata ne zaune a jere, kowace da galan ɗin mai da kwalabe da daron ƙuli a gabanta, masu gidajen da suka aiko su suna can cikin kulle suna jiran ciniki. Masu tsire da masu kilishi suna saye da yawa, don yajin tsire ƙuli ne ƙashin bayansa, kilishi kuma da tunkuza ake yi masa labu.

Maƙwabciyar ta koya min saye. Ta ɗauki ɗaya ta karya a kusa da kunnena: mai kyau ƙas yake yi, ya rabu biyu, wanda ya sha iska ko bai soyu ba sai ya lanƙwasa ko ya marmashe. Ta duba cikinsa, ta ce a nemi ja mai haske har tsakiya, ba baƙi a waje fari a ciki ba. Ta sansana, ta ɗanɗana. Wanda aka cuɗa da garin rogo ko na masara don ya yi auki, nauyinsa da ɗanɗanonsa suna tona shi. Mai ɗaci ko warin ruma kuwa ta ce ko kyauta aka ba ni kada in karɓa. Wannan ba tsirfa ba ce. Gyaɗar da aka adana da danshi takan yi fumfuna mai haifar da gubar da masana ke kira afalatoksin, wadda ke lalata hanta a hankali, kuma suya ba ta kashe ta. Tsintar nan da Goggo ke zama tana yi a kan tabarma, wadda yara ke gani ɓata lokaci ce, ita ce kariya ta farko. Matsalar ita ce gyaɗar da aka tsince aka fitar ba kullum ake zubar da ita ba. Akwai masu saye da araha su matse. Don haka arahar ƙuli ba abin murna ba ce.

Na sayi na wata dattijuwa da ta ce daga wajen Kutama ta zo, na ƙara a kan wanda Goggo ta ɗaure min a ƙullin leda da kwalbar mai. Na so in taya, maƙwabciyar ta taɓa ni ta ce kuɗin da ta faɗa shi ne kuɗinsa. Da na tuna yadda taɓarya ke gagarar yarinya a tsakar gidan Goggo, sai na biya ban ce uffan ba. Kafin azahar na samu motar Kano, na sauka a Kabuga da la'asar.

'Yar'uwa mai dawowa daga aiki da magariba, ga shawarata: ki nemi mai ƙuli guda wadda kika yarda da tsabtarta da gyaɗarta, ki riƙe ta, kuma kada ki matse ta a ciniki. Ki daka rabi, ki ɓarza rabi, ki rufe kowanne a busasshiyar kwalba. In iska ba ta shiga ba, zai yi miki makonni. Ki wanke ganyenki da kyau ki bar shi ya tsane. Ɓarzajjen kuma kada ki zuba sai an zauna.